Entarn ɗinka ya san magani, to ya iya koyar da shi? Ga yadda za ka horar da shi

Duk farmasiyen da ke riƙe da sarbis a nan Maradi, na asibiti ne ko na farmasi mai zaman kanta cikin gari, ya san yadda ake yi in lokacin estaj, wato koyon aikin ɗalibai, ya zo. Makarantun lahiya su turo yara da takardarsu a hannu, kai kuma ga komand bai iso ba, ga rapor na wata ana jira, ga layi har bakin ƙofa, sai ka waiga ka ga entarn ɗinka, wato sabon farmasiyen da ke samun horo ƙarƙashinka, ko ɗan sibik, mai hidimar ƙasa, da anka turo maka ka ce "Dakta ga yaran nan, ka kula min da su". Shi kenan an naɗa shi malami ba tare da an taɓa nuna mishi ko sau guda yadda ake koyarwa ba. Shi kuma abin da ya gani a fakulte shi zai yi, ko a Yamai ya yi karatu ko Dakar ko Bamako ko Wagadugu, ya tara su ya yi ta zuba musu faransanci har su gaji, ko ko ya sa su ƙirgar kwali da share etajer har estaj ya ƙare a sa musu hannu su tahi. Sanin magani daban, iya sa wani shi san shi daban, kuma na biyun nan koyon shi ake, kai ne ya kamata ka koyar.

A Amurka abin a tsare yake. In mutum ya gama digirin farmasi yana iya shiga horon asibiti na shekara 1 da suke kira PGY1, mai son ƙwarewa a fanni guda ya ƙara shekara ta 2 wato PGY2, wasu kuma su shiga horon bincike na musamman bayan nan. Ƙungiyar farmasiyen asibiti tasu, ASHP, ita ke tantance horon, kuma wurare da yawa suna haɗa musu da wani tsari na koyon koyarwa har a ba su takardar shaida. Mu nan ba mu da wannan kuɗi ba mu da yawan ma'aikatan, amma in ka duba abin da suke yi a ciki babu abin da ke bukatar miliyan, kaye ne da bik da mutum guda da zai zauna shi saurara. Kuma gaskiya mu ma tsarin ba baƙo ba ne wajenmu, makarantar allo haka take tahiya, gardi shi ke biya wa ƙanana karatu malam na zaune gehe yana ji, in gardi ya karkace malam shi gyara gardin, ba wai shi karɓe allon yaro shi ce kauce ba. Wannan zaman na gehe da kunne a buɗe shi ne aikin da muke gudu.

Satin farko kar ka ba shi kowa. Ka ce mishi satin nan aikinka kallo, ka tsaya bayana duk sanda nike tare da estajiye, wato yaran estaj, kuma ba maganin za ka kalla ba, ni za ka kalla, mi na tambaya, yaushe na yi shiru, yaushe na sa baki. Kai kuma dole ka riƙa tunani da ƙarhi, abin da kake yi a zuci cikin sakan biyu in an miƙo maka ordonans ka hito da shi waje: na duba suna da shekaru, na nemi nauyin yaro ban gani ba, to zan tambayi uwar ko an auna shi, maganin nan biyu ba su tahiya tare. Gani ya kori ji. Da yamma ka tambaye shi mi ya lura, za ka sha mamaki, yawancinsu ranar farko maganin za su ba ka labari, sai rana ta uku ta huɗu idonsu ke komawa kan yadda ake koyarwar.

ASHP ɗin can sun kasa aikin mai horarwa gida 4, kuma yana da kyau entarn shi san su da sunan da zai riƙe: akwai inda za ka faɗa wa yaro abu kai tsaye don bai san komi ba tukuna, akwai inda za ka yi yana kallo, akwai inda shi zai yi kana tsaye kana gyara, akwai inda za ka sake shi ka koma nesa sai ya neme ka. Matsalar sabon malami ita ce ya maƙale a na farko, yana jin in bai yi magana ba bai koyar ba. Wasu kuma, musamman masu gajiya bayan kwanan gard, su tsallake su faɗa na huɗu tun ranar farko, su kira shi ba yaro 'yanci alhali jehar da shi sunka yi. Ka riƙa tambayar shi, wannan yarinyar a wane mataki take kan lissahin siro, wancan fa? Don estajiye guda yana iya zama a mataki na huɗu wajen jera kaya amma na farko wajen lissahi.

Kahin ka bar shi shi yi darasi ko na minti 10 ne, shi rubuto maka jimla guda: in an tashi, mi yaron zai iya yi da hannunshi ko bakinshi wanda bai iya ba da sahe. In ya rubuto "su fahimci maganin zazzaɓin cizon sauro" ka mai da mishi, fahimta ba a ganin ta. Abin da kake so shi ne irin "in an ba shi nauyin yaro, zai faɗi ƙwaya nawa ta artemeter-lumefantirin za a ba shi kuma shi yi wa uwa bayani da Hausa". Wannan ana iya gwada shi nan take. Kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1, 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 3, daga 35 zuwa sama ƙwaya 4, in ta 20/120 ce, sha 6 cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, kuma da abinci mai maiƙo ko nono don lumefantirin ba ya shiga jiki sosai in ciki wayam. Ka ga darasi ya hito da kanshi daga jimla guda, kuma ya hana shi fara wa daga tarihin kinin da zagayen rayuwar ƙwayar cutar cikin hanta. Wani malamin likitanci George Miller ya zana abin a 1990 kamar dala mai hawa 4, ƙasa yaro ya sani, sama da nan ya san yadda ake yi, sannan ya nuna a gabanka, can ƙoli yana yi da kanshi a wurin aiki ba mai kallo. Fakulte ta gama da hawa biyun ƙasa, entarn ɗinka aikinshi na sama ne.

Yanzu ga wanda ya hi komi amfani wajenmu, koyarwa a bakin kanta mutane na jira. Akwai wata dabara da wani likita Neher da abokan aikinshi sunka hito da ita a 1992 don likitocin da ba su da lokaci, matakai 5 cikin minti guda ko biyu, kuma kamar don farmasi anka yi ta. Bari in sa ta cikin misali. An kawo ordonans, yaro kilo 17, an rubuta mishi ƙwaya 1 sahe da dare. Estajiye ta ɗauko kwali ta nuhi kes. Entarn da ba a horar ba zai amshe takardar shi ce kauce, ba daidai ba ne, shi gyara, yarinya ta tsaya ba ta san mi ya faru ba. Wanda anka horar zai ja ta gehe kaɗan, murya ƙasa:

"Ke mi kinka gani a takardar nan, za ki ba da haka ko kina da magana?"

"Dakta kamar dai ya yi kaɗan."

"Mi ya sa kinka ce haka?"

"Don kilo 17 ya wuce 15."

"Madalla, kin duba nauyi kahin ki duba shekaru, haka ake so. Ki riƙe wannan, maganin yara duk da nauyi ake bi. Saura abu guda, kin riga kin nuhi kes da shakkar a ranki, gaba in kin ji shakka ki tsaya ki faɗa. Yanzu zo mu kira wanda ya rubuta mu ji, ke za ki yi magana ina tsaye."

Duba abin da ya faru. Ya sa ta ta tsai da magana guda da bakinta, ya nemi dalilinta don shi tabbata ba cinke ta yi ba, ya yaba abin da ta yi daidai kuma ya faɗi ko mine ne, ya ba ta ƙa'ida guda da za ta yi mata aiki a wasu takardun, ya gyara kuskuren. Ƙa'ida guda fa, ba uku ba. Wurin da entarn ke faɗuwa kullum shi ne matakin farko, bai iya jurar jira, yana tambaya yana ba kanshi amsa. Ka sa shi shi maimaita dabarar da kai, kai ka zama estajiye, ka ɗauko tsoffin ordonans guda biyar ka ruhe sunayen masu su, wata da siprofuloksasin tare da maganin ƙarin jini mai ƙarhe wanda ke hana shi shiga jiki in an sha lokaci guda, wata da doksisikilin an rubuta wa mai ciki, ka riƙa ba shi amsar banza da gangan ka ga yadda zai yi da kai. Wani lokaci ka ba shi amsa daidai da dalili na ƙarya, nan ake gane wanda ke tambayar dalili da wanda ke wucewa.

Maganar shiru kuwa sai an dage. Wata mai bincike Mary Budd Rowe ta auna malamai a aji ta ga yawanci sakan guda kawai suke jira bayan tambaya, in sunka kai sakan 3 ko hiye amsoshin yara na ƙara tsawo kuma waɗanda ba su magana su fara. To wannan can ne, balle nan da yaro ya tashi an koya mishi ba a haɗa ido da babba, ba a saurin amsa a gaban manya. Ka ce wa entarn shi ƙirga biyar a zuci. Kuma ka haramta mishi "kun gane?" kwata-kwata, don amsar ɗaya ce tun daga CI har jami'a, eh mun gane, ko da ba su ji komi ba. Madadin ta shi ce "Rabi biya min abin da za ki ce wa uwar", ko "Sani nuna min a sirinji inda za ka tsaya". Shi lura kuma da wa ke magana, sau da yawa samari biyu masu baki ke cinye darasi 'yan mata na baya sun san amsa sun yi shiru, shi kira suna, amma shi fara da tambaya mai sauƙi ga mai kunya kar ya zama kamar tarko.

Abin da nike tsananta wa a kai, ba na sassauci, shi ne kunyata yaro a gaban marar lahiya. Da yawa daga cikinmu da tsawa anka koyar da mu, a bizit a tsai da kai gaban kowa a ce wa ya ba ka bak, to wanda anka yi wa haka in ya samu na ƙasa da shi sai shi rama. Illar ba ga zuciyar yaron kaɗai take ba, yaron da ke tsoro ɓoye kuskure yake, kuma a farmasi kuskuren da anka ɓoye gida yake tahiya cikin leda. Ka faɗa wa entarn tun farko, gyara a gehe, in abin gaggawa ne shi ce "bari in duba tare da ke" shi karɓa cikin mutunci, maganar ta biyo baya. Akwai kuma ɗayan ɓangaren da ba a cika faɗa ba, entarn ɗan shekara ashirin da wani abu za a ce shi koyar da mai sai da magani ko manjo, babban ma'aikacin jinya na sarbis, da a shekaru ya haihe shi, wanda ya shekara ashirin a wurin. Nan sai da dabara, "Baba ku kun hi ni daɗewa, yaya kuke yi da wannan, don a sabuwar takardar ga abin da sunka ce", kuma shi saurara da gaske don sau da yawa tsohon ya san abin da babu a takarda, kamar wace unguwa ce in an ba su siro biyu suke haɗe su kwalba guda.

Aikin hannu kuma hanyarshi daban, baki ba ya koyar da shi. Ɗauki haɗa allurar artesunat ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wadda daga Agusta zuwa Oktoba ba ta da hutu a pediyatiri nan da Madarunfa da Gidan Runji da ko'ina. Akwai tsarin wani likita Peyton mai mataki 4. Farko entarn shi yi shi duka yadda ake yi a aiki, bai cewa komi. Na biyu shi sake yi sannu yana bayani: kwalbar 60 mg, a zuba mata bikarbonat 1 ml da ke cikin kwalin, a girgiza har ruwan shi washe, in ya ƙi washewa a zubar, sannan a ƙara ruwan gishiri 5 ml in ta jijiya ce ya zama 10 mg a kowane ml, ko 2 ml in ta tsoka ce ya zama 20 mg a kowane ml. Na uku, kuma wannan shi ne wanda kowa ke tsallakewa, estajiye ke faɗa entarn ke yi, hannun malam bakin ɗalibi, in yaron ya manta mataki entarn shi tsaya cak har shi tuna. Na huɗu yaron shi yi da kanshi yana faɗa. Sai lissahi: ƙasa da kilo 20 ana ba 3 mg a kilo, daga 20 zuwa sama 2,4 mg, a awa 0 da 12 da 24, kuma abin da anka haɗa ba a ajiye shi ya wuce awa guda. Yaro kilo 12 kenan 36 mg, 3,6 ml ta jijiya, sai a bi taswirar sarbis wajen cikewa. Ku tara kwalaben da lokacinsu ya wuce don gwaji, a rubuta musu alama babba a ajiye nesa da na aiki.

Sai harshe. Karatunmu duk da faransanci munka yi shi, amma matar da ta taso daga Tibiri ko Sayi Sabuwa ko Jiratawa Hausa za a yi mata, wani lokaci ma Fulatanci ko Tamajak ta bakin wani. Entarn da bai taɓa gwada bayanin magani da Hausa a gaban wanda zai gyara mishi ba ba zai iya koya wa wani ba, rabi faransanci zai yi yana zaton Hausa yake. Ka sa shi shi yi darasi guda cur da Hausa, estajiye su yi wasan uwa da mai ba da magani. A nan za su ci karo da abubuwan gaske. "Cokali guda" wane cokali, na shayi ko ludayin koko? Parasetamol 15 mg a kilo ne, yaro kilo 8 kenan 120 mg, wato 5 ml in siron 120 mg cikin 5 ml ne, to a nuna mata layin a murhin awo ko a sirinji, a sa ta nuna da yatsanta. "Sau uku a rana" mutane da salla suke ƙirga lokaci, to shi koya musu zaɓen sallolin da ke da tazara, asuba da azahar da bayan isha'i in za a kwanta, ba azahar la'asar magariba ba da za su taru cikin awa biyar. Gishirin zawo, sashe guda cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, wace kwalba ce lita a gidanta, zinki kuma 20 mg kullum kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, 10 mg in jaririn bai kai wata 6 ba. Ƙarshen kowane bayani "Inna, don in tabbata ban manta komi ba, in kin koma gida yaya za ki ba shi?" Laihin a ɗora shi kan mai bayani, ba kan uwar ba. Kuma shi koya musu tambaya ba tare da faɗa ba ko an riga an sayi wani abu wajen masu talla ko an kawo daga Jibiya, don in ka ɗaure huska za ta ce a'a, kai kuma ka ƙara parasetamol kan parasetamol.

To duk wannan ba ya zama sai ka zauna ka kalle shi yana koyarwa. Sau guda a sati, minti 15, ka ɗauki kujera ka koma baya da kaye. Ka rubuta abin da ya faru ba ra'ayinka ba: ya yi magana minti 9 kahin tambayar farko, ya tambayi Sani sau huɗu bai tambayi Rabi ba, ya juya baya yana rubutu a tablo yana magana. Kar ka sa baki. Na san da wuya, za ka ji ya yi bayani a karkace bakinka na ƙaiƙayi, amma ranar da ka karɓe darasi a gaban yara ka kashe shi, gobe in ya yi magana kai za su waiga su kalla. Abu guda ke sa ka katse shi, in ya faɗi adadin magani ba daidai ba ko wani abu da zai cuci marar lahiya, shi ma ka ce "Dakta mu duba takarda tare". In yaran sun yarda a ɗauki bidiyo da waya ya hi, ba marar lahiya a ciki, shi kalli kanshi, abin da za ka yi wata kana faɗa zai gani cikin minti biyar. A jami'ar Stanford sun fara irin wannan tun shekarun 1960, gajeren darasi, a kalla, a gyara, a sake yi nan take, kuma sake yin nan shi ne maganin.

Bayan darasi ku keɓe ku biyu, a ranar, kar a bari ya kwana. Shi zai fara magana, mi yake ganin ya tahi daidai, mi zai canza. Yawancinsu za su fara da zagin kansu ko su ce komi lahiya, ka ja shi zuwa abu takamaimai. Sannan kai ka faɗi abu guda da ya yi kyau da abu guda da za a gyara sati mai zuwa, ka rubuta a kayen, sati mai zuwa da shi za ka fara. "Ka yi ƙoƙari" ba gyara ba ne, sallama ce. Kuma ka tambayi estajiye su ma, a takarda ba suna, mi Dakta ya yi da ya taimake ku, mi kuke so shi daina, don baki da baki ba wanda zai faɗa.

Maganar diyapo da porojektar ba zan daɗe ba. Shi iya darasinshi ko wuta ta ɗauke, shahi kaɗan, rubutu manya, kar shi karanta bango. In zai gabatar a estaf, wato taron ma'aikatan sarbis, shi fara da marar lahiya guda na sarbis ɗin sannan ilimi shi biyo.

Shi koyi cewa "ban sani ba, zo mu duba" a gaban yara, kuma wannan daga bakinka zai koya, in bai taɓa jin ka faɗa ba shi ma ba zai faɗa ba, ƙirƙira zai yi. Ku buɗe takardar cikin kwali, ku buɗe jerin muhimman magunguna na ƙasa ko ƙa'idojin ma'aikatar lahiya, yara su ga ina ake neman amsa. Haka magazen, kar ya zama wurin horo na wanda ya makara. Akwai darasi a ciki: wanda zai riga lalacewa shi ke riga hita ko da shi ya zo daga baya, fish ɗin estok dole ta yi daidai da abin da ke etajer, bon na ONPPC, ma'aikatar magunguna ta gwamnati, yadda ake karanta shi, firigo tsakanin digiri 2 da 8 a rubuta sahe da yamma, mi za a yi da insulin da ositosin in wuta ta daɗe ba ta dawo ba a watan Afrilu da zahin Maradi ya wuce 40. Entarn shi mai da kowane ɗaya tambaya, in an kawo amoksisilin yau mai ƙarewa wata shida kuma muna da mai shekara guda, wanne ke gaba?

Daga nan sai auna yara, wanda shi ma koyon shi ake. Wani malamin likitanci Harden ya kawo jarrabawar tasha-tasha a Dandi ta Sikotilan a 1975, wadda a faransanci ake ce wa ECOS, kuma ana iya yin ƙaramar ta cikin farmasi da tebur uku: nan ordonans mai kuskure, nan lissahin siro, nan wata ma'aikaciya ta zama uwa a yi mata bayani, minti biyar-biyar. Entarn shi rubuta takardar maki da kanshi, abubuwan da ido ke gani, ya tambayi nauyi ko bai tambaya ba, ku ba da maki kowa daban sannan ku gwada, inda kunka saɓa nan ne hira. Ka kuma shirya shi don ranar da za a kira waya a ce yaron nan ɗan wane ne a sa mishi hannu. Sa hannun karnen estaj naka ne ba nashi ba, ka faɗa mishi haka, shi dai shi kawo maka abin da ya gani a rubuce da kwanan wata, kuma yaron da ke baya a faɗa mishi tun tsakiyar estaj ba ranar ƙarshe ba.

Lokaci fa? Damina babu, kowa ya sani, ga zazzaɓi ga rabon maganin rigakahin yara 'yan wata 3 zuwa 59 ga CRENI, sashen yara masu tamowa, cike, to a lokacin a tsaya ga koyarwar bakin kanta, zaman kallo da ECOS a kai su sanyi daga Disamba. Amma in sanyin ya zo, minti 15 ɗin nan na zaman kallo a sa shi cikin takardar aiki kamar gard, in an bar shi sai an samu sarari ba za a samu ba.

Abu na ƙarshe, shi buɗe kaye ko fayil na koyarwarshi tun yau, darussan da ya yi, jimlar manufa ta kowane, abin da ka rubuta mishi, takardun yara, abin da ya canza. Wanda ke da niyyar shiga jami'a, nan Dan Dicko Dankoulodo ko Abdou Moumouni ta Yamai, zai tarar da CAMES a gabanshi, hukumar da ke tantance malaman jami'a, wadda anka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, kuma a gasar agiregasiyon ta hawa matsayin babban malami sai ka tsaya ka yi darasi gaban alƙalai da agogo. Wanda zai koma distirik kuwa, Dakoro ko Mayahi ko Tasawa, shi ne zai horar da masu riƙe da magani na CSI duka ba mai kallonshi. In zai tahi ka rubuta mishi takarda da ke faɗin abin da ya koyar, mutum nawa, wata nawa, da abin da ka gani da idonka, kuma kahin nan ka haɗa shi sati biyu da sabon entarn, shi zauna kujerar baya da kayen, kai ka zauna bayanshi.